Yadda ake haɗa layin umarni na RS-422 mai ƙafa tara tsakanin kwamfuta da na'urar bidiyo

Duk gidan talabijin da ya yi zamanin kaset, daga Kaduna zuwa Kano zuwa Yamai, ba ya rasa ɗaki ko kabad da aka jibge kaset ɗin U-matic da Betacam da DVCAM, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai an ce wa wani injiniya ya kwashe abin da ke cikinsu ya zuba a kwamfuta kafin su gama lalacewa. Wayar hoto da ta sauti ba su cika ba mutum wahala ba, don in sun yi daidai ido zai gani, kunne zai ji. Wadda ke cinye wa mutum yini guda ita ce ta uku, wayar umarni, wadda kwamfuta ke bi ta ce wa na'urar kaset ta tafi, ta tsaya, ta koma baya, ko ta faɗi inda take a cikin kaset. Idan ta ƙi aiki ba ta nuna alamar komai. Sai dai manhaja ta ce ba ta ga na'ura ba, ta yi shiru.

Ana iya aiki ba tare da ita ba, mutum ya danna PLAY da hannu ɗaya, ya danna naɗi da ɗayan. Amma da zarar kaset sun kai ɗaruruwa, ko ana son lambar lokacin da ke kan kaset ta bi fayil ɗin zuwa kwamfuta yadda za a iya komawa wuri ɗaya daidai bayan shekara, to babu makawa sai an haɗa wannan layi. Tsarin da kusan kowa ke bi shi ne na kamfanin Sony, wanda ake kira Sony 9-pin ko P2. Yana tafiya ne a kan ma'aunin lantarki na RS-422, kuma har na'urorin zamani marasa kaset, irin su HyperDeck na Blackmagic da Ki Pro na AJA, suna jin yarensa.

Mataki na 1: tantance ubangida da yaro

A wannan layi na'urori biyu ne kacal, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya ubangida ce, ita ke fara magana kullum. Ɗayar yaro ce, ba ta buɗe baki sai an tambaye ta, kuma amsa ɗaya take bayarwa ga kowace tambaya. A takardun na'ura za ka ga an kira ubangida MASTER ko CONTROLLING DEVICE, yaro kuma SLAVE ko CONTROLLED DEVICE. Kwamfuta mai katin ɗaukar bidiyo, da allon tace hoto irin RM-450 ko BVE-2000, da na'urar da ke sarrafa jadawalin shirye-shirye, duk iyayen gida ne. Na'urar kaset da sabar bidiyo, wato na'urar da ke ajiye shirye-shirye a matsayin fayil tana kunna su, yara ne.

Wannan rabon ba a cikin manhaja kawai yake ba, har a cikin soket an gina shi. Ƙafafun da ubangida ke aikawa da su, su ne yaro ke saurare da su. Shi ya sa tambayar farko kafin ka taɓa dalma ita ce: wannan soket ɗin da ke gabana, an ɗaure shi ne a matsayin wa? Kamanninsu ɗaya ne, duka soket mata ne masu siffar harafin D (D-sub) masu rami tara, ba za ka gane da ido ba.

Akwai na'urorin da ke rikiɗa. Na'urar naɗi irin PVW-2800 yaro ce idan allon tace hoto ke juya ta, amma tana iya zama ubangida ta juya wata na'urar kunna kaset idan ana tacewa tsakanin na'ura da na'ura. Wasu kuma suna da soket biyu, ɗaya an rubuta IN ɗaya OUT, ko kuma a cikin menu ake zaɓar matsayin. Ka duba wannan tun yanzu ka rubuta a takarda. Rabin matsalolin da ake ɗora wa kebul daga nan suke fitowa.

Mataki na 2: san aikin kowace ƙafa

Ƙafafu tara ne, amma huɗu ne ke ɗauke da magana. RS-422 ba ya auna sigina da wayar ƙasa kamar yadda RS-232, layin da ke bayan tsofaffin kwamfutoci, ke yi. Kowace hanya waya biyu ce, ɗaya mai alamar ƙari ɗaya mai alamar ragi, kuma mai karɓa bambancin da ke tsakaninsu yake dubawa. Duk hayaniyar lantarki da ta faɗa kan kebul tana shiga wayoyin biyu daidai wa daida, sai bambancin ya tsaya yadda yake. Dalilin da ya sa layin ke jure nisa da ƙarar janareta ke nan.

A soket ɗin ubangida:

- ƙafa ta 3 da ta 8 su ne na aikawa, 3 ce ƙari, 8 ce ragi
- ƙafa ta 7 da ta 2 su ne na karɓa, 7 ce ƙari, 2 ce ragi
- ƙafa ta 4 ita ce wayar ƙasa ta ɓangaren aikawa, ta 6 ta ɓangaren karɓa
- ƙafa ta 1 da ta 9 jikin na'ura ne, ta 5 kuma ba a amfani da ita

A soket ɗin yaro abin a juye yake: da 7 da 2 yake aikawa, da 3 da 8 yake karɓa, ƙari da ragi suna nan a inda suke. Sony na kiran wayar ragi A, wayar ƙari kuma B.

Tunda an riga an yi juyin a cikin na'urorin, kebul ɗin da ke tsakanin ubangida da yaro miƙaƙƙe ne: 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, 7 zuwa 7, 8 zuwa 8, haka har ƙarshe, da kai namiji a kowane ɓangare. Kebul ɗin Sony na asali, RCC-5G mai tsawon mita 5, haka yake.

Mataki na 3: auna kafin ka soka

Kada ka yarda da rubutun da ke jikin adafta, ka yarda da mita. Kunna na'urar, kada ka haɗa ta da komai, ka sa mita a kan ma'aunin DC. Ɗora jan tsinke a rami na 7, baƙi a rami na 2. Idan ka ga bolt 2 zuwa 5 na ƙari, wannan soket da 7 da 2 yake aikawa, wato yaro ne. Idan kusan sifili ka gani, koma rami na 3 da jan tsinke, na 8 da baƙi. Idan a nan wutar take, ubangida ne. Tsinken mita ya yi wa ramin kauri, don haka ka soka guntuwar ƙafar resista ko siririyar waya ka auna a kanta, ka kuma kula kada biyu su haɗu. Wasu na'urorin ba sa kunna ɓangaren aikawarsu sai an sa su a REMOTE, to in ba ka ga komai ba a ko'ina, juya makunnin ka sake aunawa.

Lambobin ramukan suna nan a rubuce a jikin robar soket, ƙanana ƙwarai, sai da fitilar waya. Ka karanta su, kada ka ƙirga daga hagu da ka, domin namiji da mace a juye suke, kuma gefen da ake liƙa dalma ya sake juyawa.

Alamar ƙari ko ragi da mita ta nuna tana da amfani na biyu. Lokacin da layin ke zaune ba a aika komai, wayar ƙari ce ke sama da ta ragi. Kamfanonin da ke ƙera adafta ba su taɓa daidaitawa kan harafin A da B ba, abin da wani ya kira A shi wani ke kira B. Saboda haka idan kana da adaftar USB zuwa RS-422 ta gama-gari, auna wayoyin aikawarta biyu, wadda ta fi wuta ita ce za ta tafi ƙafa ta 3, ko me aka rubuta a kanta. Ka kuma sani cewa irin waɗannan adaftoci, ko da suna da kai mai ƙafa tara, yawanci ba jerin Sony suke bi ba. Da yawansu ƙafa ta 1 zuwa ta 4 suke amfani da su. Kebul miƙaƙƙe ba zai yi musu ba, sai ka ɗaura naka. Katin da aka yi don bidiyo, kamar DeckLink ko UltraStudio, shi soket ɗinsa a jerin Sony yake tun daga kamfani.

Mataki na 4: ɗaura kebul

Abin da ake so shi ne kebul mai tagwayen waya biyu, kowane tagwaye a murɗe, da riga ta ƙarfe a waje. Belden 9729 na wannan aikin ne. In babu shi, kebul ɗin intanet Cat5e ko Cat6 yana yi sarai, don shi ma tagwayensa murɗaɗɗu ne masu ohm 100. Gara mai silin waya da yawa a kan mai ƙwaya ɗaya, wanda ke karyewa a gindin dalma idan ana yawan motsa shi.

Wurin da ake kuskure shi ne rabon tagwayen. Hannu na son ya sa 2 da 3 a tagwaye ɗaya, 7 da 8 a ɗaya, saboda suna kusa da juna. Ba haka ba ne. Ƙafa ta 2 da ta 7 su ke tafiya a murɗe tare, ƙafa ta 3 da ta 8 su ma tare. A Cat5e sai ka ce: ruwan lemo zuwa 3, fari mai ratsin lemo zuwa 8, kore zuwa 7, fari mai ratsin kore zuwa 2, tagwayen shuɗi kuma ɗaya zuwa 4 ɗaya zuwa 6. Rigar kebul ta tafi ƙafa ta 1 ko ta 9 ko murfin ƙarfen kan. Idan ka rarraba tagwayen ba daidai ba, mita za ta ce maka komai lafiya, kebul ɗin ma zai yi aiki a mita biyu a kan tebur. Sai an ja shi mita hamsin ta cikin silin kusa da wayar wuta sannan zai fara yanke magana jefi-jefi, irin matsalar da ke zuwa yau ta ɓace gobe.

Kebul ɗin kwamfuta mai ƙafa tara da ake samu a kasuwa iri uku ne, kuma a waje duk kama ɗaya suke. Akwai miƙaƙƙe mai wayoyi tara cif, wannan zai yi a gajeren nisa. Akwai mai waya uku kawai, 2 da 3 da 5, wannan ba zai yi ba. Akwai kuma wanda ake kira null modem, mai musanya 2 da 3, da 7 da 8, wanda zai kai bakin ubangida kan bakin yaro, duka biyu suna tura wuta cikin juna. Auna kowace ƙafa da ƙarar mita kafin ka biya kuɗi.

Wani lokaci kuma dole sai kebul mai giciye, misali idan kwamfuta ce mai soket ɗin ubangida ake so ta yi aikin yaro, ta kwaikwayi na'urar kaset ga wani allon. A nan 2 na tafiya 8, 8 na tafiya 2, 3 na tafiya 7, 7 na tafiya 3, 4 da 6 su yi musanya. Ka naɗa masa jan salatif a kai biyu ka rubuta, don ranar da ya shiga cikin sauran kebul zai wahalar da wani. Giciye waya kawai yake gyarawa. Idan na'urorin biyu duk yara ne a manhajarsu, za su zauna kowa na jiran a tambaye shi.

Gargaɗi ɗaya: soket namiji mai ƙafa tara da ke bayan tsohuwar kwamfuta RS-232 ne, wutarsa na kaiwa bolt 12 sama da ƙasa. Kada ka haɗa shi kai tsaye da na'urar bidiyo, sai da na'urar sauyi a tsakani.

Mataki na 5: saita layin da na'urar

Tsarin Sony ba ya canzawa: bit 38,400 a daƙiƙa, bit 8 na bayani, bit ɗin tantancewa a kan Odd, bit 1 na tsayawa, babu wani Flow control. Manhajar ɗaukar bidiyo kan saita wannan da kanta, amma a manhajar gwaji kai za ka sa. Odd ɗin ne ake mantawa, domin yawancin manhajoji a None suke farawa.

A jikin na'urar kaset, juya makunnin REMOTE/LOCAL zuwa REMOTE. Idan tana da hanyar umarni fiye da ɗaya, zaɓi ta 9P, ban da i.LINK ko RS-232C. A HyperDeck ma sai an kunna REMOTE ɗin. Na'urori da yawa in suna LOCAL za su ci gaba da amsa tambaya, manhaja ta nuna sunansu har da lambar lokaci, amma ka danna PLAY su ƙi motsi. Idan ka ga haka kada ka taɓa kebul, lafiyarsa ƙalau.

Idan adaftar USB ce mai guntun FTDI, saura abu ɗaya. Direbanta na riƙe bayanin da ya shigo har milisakan 16 kafin ya miƙa wa manhaja, alhali a ƙa'idar Sony yaro zai amsa ne cikin milisakan 9, kuma ubangida ba ya jira fiye da haka da yawa. Sai amsa ta iso a kan lokaci amma manhaja ta ce ba ta zo ba. A Windows shiga Device Manager, buɗe tashar COM ɗin, shiga Advanced, ka mayar da Latency Timer zuwa 1.

Mataki na 6: yi wa na'urar magana da hannunka

Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Manhajar tace hoto in ta kasa, kalma ɗaya take faɗa. Manhajar tasha mai aika lambobin heks (lissafin da ke amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F), irin RealTerm ko HTerm, tana nuna maka ainihin abin da ya fita da abin da ya dawo.

Fara da gwada ɓangaren kwamfuta shi kaɗai. Cire na'urar kaset, ka haɗa ƙafa ta 3 da ta 7, ta 8 da ta 2, a ƙarshen kebul. Duk abin da ka aika ya kamata ya dawo maka. Idan ya dawo, adafta da direba da wayoyi huɗun suna raye. Sai dai wannan gwajin ba ya kama juyin ƙari da ragi idan an juya su a hanyoyin biyu gaba ɗaya, shi ya sa aunawar mataki na 3 ba ta da madadi.

Yanzu haɗa na'urar. Kafin ka aika komai, sa kaset ɗin da ba a damu da shi ba, ka kuma kunna REC INHIBIT idan na'urar na da shi. Tsakanin umarnin kunnawa da na naɗi lamba ɗaya ce, kuma kaset ɗin tarihi ba shi da na biyu. A U-matic, cire jan maɓallin da ke ƙarƙashin kaset yana hana naɗi.

Kowane saƙo a wannan yare bayit 3 ne zuwa 18, kowane bayit kuma bit takwas ne da ake rubutawa da lambobin heks biyu. Bayit na farko kashi biyu ne: lambar hagu na faɗin rukunin umarnin, ta dama na faɗin bayit nawa na ƙarin bayani ke biye. Bayit na biyu shi ne umarnin kansa. Sai ƙarin bayanin in akwai. Na ƙarshe jimlar duk waɗanda suka gabata ce, a lissafin heks, ana riƙe lambobi biyu na ƙarshe kawai.

Aika 00 11 11. Tambaya ce: wace ce ke? Amsa za ta fara da 12 11, sai bayit biyu na shaidar na'urar, sai jimla. Na'urar Betacam ta Sony BVW-75 ta tsarin PAL, wato tsarin talabijin ɗinmu, misali, 12 11 21 25 69 take cewa. In ka ga 12 11 a allonka, aikin waya ya ƙare, duk abin da ya rage na saiti ne.

Sai motsi. 20 01 21 kunnawa ne. 20 00 20 tsayawa. 20 10 30 gudu gaba, 20 20 40 komawa baya. Ga kowanne, yaro zai amsa da 10 01 11, ma'ana na ji. Ka lura, na ji kawai ya ce, bai ce ya aikata ba. Don sanin halin da yake ciki sai ka aika 61 20 09 8A, ya dawo maka da bayit tara na bayanin kansa. A bayit na farko, bit na ƙarshe daga dama in yana kunne to na'urar na LOCAL. Bayit na biyu ke faɗin ko tana kunne, ko tana tsaye, ko tana naɗi. Ubangida na gaske wannan tambayar da ta lambar lokaci yake ta maimaitawa a kowane firem, wato kowane hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo, ba ya gajiya, kuma layin na ɗauka, tunda bayit ɗaya bai kai sulusin milisakan ba, firem kuwa a tsarinmu na 25 a daƙiƙa milisakan 40 ne.

Idan na'urar ba ta gamsu da saƙo ba, za ta amsa da 11 12, sai bayit ɗaya mai faɗin dalili. 01 na nufin ba ta san umarnin ba. 04 jimla ce ba ta yi daidai ba, ka sake lissafi. 10 matsalar Odd ce. 40 na nufin tsarin bit ɗin ya rikice, ka duba gudu ko juyin ƙari da ragi. 80 kuma saƙon ne ya yanke a tsakiya, domin bai halatta a bar fiye da milisakan 10 tsakanin bayit da bayit na saƙo ɗaya ba. Wannan na ƙarshen shi zai same ka idan kana buga lambobin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Rubuta su duka a layi, ka aika a tashi ɗaya.

Shiru gaba ɗaya yana nufin ɗayan uku: saƙonka bai isa ba, ko ya isa a juye, ko amsa ce ba ta dawowa. Aika 20 01 21 ka kalli na'urar. Idan kaset ya motsa amma allo bai nuna komai ba, 3 da 8 lafiya suke, ka nemi laifin a 2 da 7. Idan tarkacen lambobi ke dawowa marasa kan gado, musanya 2 da 7 ka gani.

Mataki na 7: lambar lokaci da daidaiton firem

Na'ura ta motsa, amma ba a gama ba sai ta tsaya a inda aka ce. Umarnin 61 0C 01 6E na tambayar lambar lokaci, amsa ta zo da 74 04 sai firem, daƙiƙa, minti, awa, a wannan jerin, daga ƙarami zuwa babba. Haka ma in za ka tura ta wani wuri: 24 31 00 00 00 10 65 na nufin je ki awa 10 daidai ki tsaya.

Lambar lokaci a kaset iri biyu ce. LTC a gefen kaset take kamar layin sauti, ana karanta ta a guje, amma tana ɓacewa idan kaset ya tsaya ko yana jan ƙafa. VITC a cikin siginar hoto take, ita ana karanta ta a tsaye. Idan na'urar na da zaɓin AUTO, bar ta a kai. Akwai kuma CTL, wanda ƙirge ne kawai da ke komawa sifili in an danna RESET ko an canza kaset. Idan makunnin allon na'urar na kan CTL, lambar da kake gani ba adireshin komai ba ce.

Kafin ɗauka, ubangida na mayar da kaset baya, yawanci daƙiƙa 5, ya sake shi ya daidaita gudunsa kafin ya iso wurin farawa. Wannan na buƙatar lambar lokaci mai ɗorewa a cikin daƙiƙoƙin nan biyar. Kaset ɗin labarai da aka yi ta kunna kyamara ana kashewa cike yake da yankewar lamba, sai ka ga na'ura na kai da komo tana neman wurin da babu shi. Rage daƙiƙoƙin zuwa 3, ko ka matsar da wurin farawa gaba kaɗan, ko ka ɗauki wannan yankin da hannu.

Don tabbatar da daidaito, yi amfani da mafitar hoto mai alamar SUPER da ke bayan na'urorin Sony, wadda ke buga lambar lokaci a kan hoton kansa. Ɗauki daƙiƙa goma daga nan, ka buɗe fayil ɗin, ka kwatanta lambar da ke cikin hoto da wadda manhaja ta ba wannan firem ɗin. Idan kullum bambancin firem biyu ne, sa gyaran firem biyu a saitin manhaja, shi ke nan. Idan kuwa yau ɗaya gobe uku, to ko jinkirin USB ne, ko na'urorin ba sa shan siginar daidaito ɗaya. Ba su siginar daidaiton da ake kira black burst daga tushe guda ta REF IN, ka rufe ƙarshen layin da ohm 75. Wajen kwashe kaset zuwa kwamfuta ana iya tsira ba tare da shi ba. Wajen naɗi a kan kaset a tsakiyar shiri ba a tsira.

Mataki na 8: nisa, wuta da damina

A takarda RS-422 na kaiwa mita 1,200, kuma a gudun 38,400 nisan da ke cikin gidan talabijin ba komai ba ne. Abin da ke kashe soket a wajenmu bambancin wutar ƙasa ne. Mai karɓar RS-422 na jure bambancin da bai wuce bolt 7 ba tsakanin ƙasan na'urorin biyu. Idan ɗakin sarrafawa na kan janareta, situdiyo na kan inbata, kowanne da turken ƙasansa ko ma babu, bambancin na iya wuce haka nesa. Kafin ka soka kebul tsakanin rak biyu da ba layin wuta ɗaya suke sha ba, sa mita a AC ka auna tsakanin jikin wannan da jikin wancan. In ka ga fiye da bolt ɗaya ko biyu, gyara wayar ƙasa tukuna, ko ka sa na'urar raba layi mai aiki da haske a tsakani. Tsakanin gini da gini kuwa, musamman inda akwai dogon ƙarfen eriya a harabar, ni ba na ba da shawarar jan tagulla ko kaɗan. Tsawa ɗaya ta watan Agusta ta isa ta ƙone guntun da ke bayan soket a ɓangarorin biyu. A sa fayiba.

Akwatunan da ke ɗora RS-422 a kan layin intanet na cikin gida suna da amfani ga abin da ba ya gaggawa, amma suna ƙara jinkirin da ba shi da tabbas, kuma ka riga ka ga yadda milisakan 9 ke da tsauri. Idan na'urar na da nata yaren na intanet, kamar HyperDeck da ke saurare a tashar TCP 9993, gara a bi ta nan kai tsaye.

Kada ka raba layi ɗaya gida biyu da kebul mai reshe don ubangida ɗaya ya juya na'urori biyu. Saƙon zai isa gare su duka, amma babu adireshi a yaren Sony, don haka duka biyun za su amsa lokaci guda a kan waya ɗaya. Kowane yaro da soket ɗinsa a jikin ubangida. In na'urori sun yi yawa, a sa allon sauya layi na RS-422.

In soket ɗaya ne amma yare daban

Ganin rami tara da rubutun RS-422 ba ya nufin na'ura na jin umarnin da ke sama. Sabar bidiyo da yawa da VDCP ake juya su, yaren da kamfanin Louth ya fito da shi. Kebul ɗin ɗaya ne, gudu da Odd ɗin ma ɗaya ne, amma saƙonsa da 02 yake farawa, yana kiran shiri da sunansa maimakon wurinsa a kaset, kuma amsarsa ta na ji 04 ce. Sabar da aka saita a VDCP ba za ta gane 20 01 21 ba, sai ka shiga saitin tashar ka mayar da ita Sony ko BVW. Kyamarori masu juyawa da kansu na amfani da VISCA, galibi a gudun 9,600 ba tare da bit ɗin tantancewa ba, kuma su suna da adireshi, ana jera har bakwai a layi ɗaya, jerin ƙafafunsu ma daban ne. Allunan da ke nuna sunan kyamara da jar fitila a ƙarƙashin talabijin na bin tsarin TSL, wanda nau'insa na 3.1 ke gudu a 38,400 amma a kan Even. A VDCP mataki na 1 zuwa na 4 suna nan yadda suke, sai ka buɗe littafin na'urar ka ɗauki lambobin umarninta. A VISCA da TSL kuwa, tun daga jerin ƙafafu za ka duba littafin.